Inda Kaset ɗin Iya Suka Tafi

Greensboro, ranar Alhamis da hantsi

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki da lafiyar jiki da ta zuciya. Allah ya kai ki inda kika nufa lafiya, ya raba ki da sharrin hanya da sharrin baƙon wuri, ya haɗa ki da mutanen kirki. Allah ya ji ƙan babanki, ya sa yana cikin rahama.

Za ki yi mamaki uwarki ta rubuto miki wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. Kin san karatuna bai wuce aji shida na lakwal ba, wato firamare, hannuna bai saba da biro ba, sai ki yi haƙuri da rubutun. Akwai maganar da bakina ya kasa ɗauka. Ranar Lahadi za ki hau mota zuwa sabuwar jami'arki ta can arewacin ƙasar nan, ki ci gaba da karatun waƙoƙin da Girkawan dauri suke yi wa allolinsu. Yau kwana huɗu ke nan kina birkice gidan nan kina neman kwalin kaset ɗin kakarki Iya, don ki tafi da shi. Kin sauke akwatunan babanki, kin leƙa ƙarƙashin gado, jiya har kin kira ofishin gidajen hayar da muka zauna a Wendover kin tambaya ko mun bar wani kwali. Ni kuwa ina tsaye ina cewa wataƙila ya ɓace lokacin da muka tashi. Ki daina nema, Ummi. Bai ɓace ba. Ni na zubar da shi da hannuna, shekara goma da suka wuce.

Na san yanzu kin miƙe tsaye. Ki zauna ki ƙarasa karantawa. Ban rubuto don in wanke kaina ba. Zan gaya miki yadda aka yi, da sauran kurakuran da suka kai ni can, ko Allah zai sa ki kauce wa ramin da na faɗa.

Na farko ya faru tun ba a haife ki ba. Da aka ɗaura mana aure da babanki, aka kai ni ƙauyensu a ƙasar Arewa, bayan Dogonduci. Ni kuwa 'yar Maraɗi ce, ina ji da kaina saboda na iya gaisuwa da Faransanci. Shekara biyu na zauna gida ɗaya da Iya. Ke ba ki san ta sosai ba sai a murya, ko da yake sunanta kika ci, shi ya sa ba na kiran sunanki na yanka. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, ba ta wasa da salla. Amma ubanta Ba'azne ne, bai taɓa sa goshi a ƙasa ba, kuma gidansu ne ke riƙe da waƙoƙin gona na garin. Akwai ta kiran ruwan fari, akwai ta shuka, akwai wadda ake yi ranar buɗe rumbu, akwai ta sabuwar rijiya. A cikinsu ana kiran Uwar Gona da sauran iskokin da mutanen dauri suke yi wa yanka. Iya ta bar yankan tun tana budurwa, waƙoƙin ne suka ƙi barinta.

Wata rana muna sussuka ta ɗauko ɗaya, ta ce mini, "Amarya, karɓi amshi mana, baki ɗaya ba ya waƙa."

Na ce, "Iya, ni ban iya waƙar ƙauye ba."

Ta dube ni ta yi dariya ta ce, "To 'yar birni, tuwon da kike ci ma ɗan ƙauye ne, ban ga kin ƙi shi ba."

Ba ta sake yi mini tayi ba. Ta ci gaba da waƙarta ita kaɗai, ni kuma ina jin ta sama-sama, hankalina yana kan rediyo. Ummi, inda za ki akwai tsofaffin malamai, wani zai tsare ki da dogon zancen da ba ya cikin jarrabawa. Ki zauna. Tsoho ba ya tayi sau biyu. In ya ce zo ki ji, ki ajiye abin da ke hannunki, ki kuma tambaye shi wa ya koya masa, domin kowane mai sani akwai wani a bayansa.

Bayan mun zo ƙasar nan, kina 'yar shekara takwas, aka aiko cewa Iya ba ta da lafiya. Babanki ya roƙi hutu a siton da yake aiki, ya sayi ƙaramar rikoda, ya tafi. Sati uku ya yi yana zaune a gabanta kan tabarma. Ya dawo da kaset tara, kowanne ya rubuta masa suna da jan biro. Ba a yi wata biyu ba ta rasu. Kin tuna ranar Lahadi da rana, in ya ci abinci, yadda yake kunna su a falo? Ana jin zakara da awaki a bayan muryarta. Akwai inda ta tsaya ta yi tari ta ce masa, "Kai, kashe abin nan in sha ruwa." Ke kuma ki yi ta maimaita "kashe abin nan" kina dariya.

A shekarar da kika shiga sha uku na yi ɓari karo na biyu. Mata suka zo dubiya. Ɗaya daga cikinsu, ba zan faɗi sunanta ba don har yanzu kina gaishe ta, ta tarar kaset na yi. Ta saurara kaɗan, ta kama hannuna ta ja ni kicin ta ce, "Maman Ummi, kina mamakin ciki ba ya zama miki? Kuna kiran iskoki da sunansu kowane mako a ɗakin da kuke salla. Wanda aka kira ai zai amsa."

Maganar ta shige ni kamar ƙaya. Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Ranar Talata da safe, da babanki ya fita aiki, ke kuma motar makaranta ta ɗauke ki, na ɗauki kwalin na sauka da shi na jefa a babban akwatin sharar da ke bayan gidajen. Har bisimilla na yi. Kafin azahar motar shara ta zo ta juye, ina kallo ta taga.

Ranar Lahadi ya nema bai gani ba, na gaya masa gaskiya. Yana tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya zauna ya cire shi, ya jera shi kusa da ɗan'uwansa.

Ya ce, "Kin tambayi wani malami?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Ni fa, kin tambaye ni?"

Na ce a'a.

Can ya ce, "Lokacin da nake karatun zaure, malaminmu ya karantar da mu waƙoƙin Larabawan jahiliyya, mutanen da suka mutu kafin zuwan Musulunci. Malaman da suka fi ni da ke tsoron Allah su suka rubuta su suka adana, don kada harshen ya ɓace. Ni ban taɓa yi wa Uwar Gona yanka ba, Maman Ummi. Muryar uwata nake ji."

Da ma faɗa ya yi mini, da ya fi mini sauƙi. Bai ƙara ta da maganar ba har ya koma ga Allah. Shi ne ya ce kada in gaya miki, wai ke yarinya ce, za ki riƙe ni a rai. Ya ce miki rikodar ta lalace, daga baya muka tashi daga Wendover, maganar ta bi ruwa. Har ƙarshen ransa yana rufa mini asiri a gaban ɗiyarsa, a kan abin da shi na cuta.

Ga abin da na koya, kuma na sha wuya kafin in koye shi. Idan wani ya tsorata ki a kan wani abu, ko da sunan addini ya zo, kada ki yanke hukunci a ranar. Ki kwana, ki tambayi wanda ya sani, ki tambayi mai abin. Abin da in ya tafi ba ya dawowa, ki ɗora shi a saman kabad ki rufe, ba ya cizo. Da na ce wa babanki ya daina kunnawa a gabana, da ya daina, da yau kwalin yana cikin akwatinki. Ki kuma sani, bayan na zubar ɗin ma ban sake haihuwa ba. Likita ta riga ta gaya mini abin da ke damun mahaifata, ni ce na fi son maganar kicin.

Da kika shiga jami'a a garin nan mun sa rai za ki zama nas kamar 'ya'yan mutane. A shekara ta biyu kika dawo da wani littafi mai rubutu kamar sawun kaji, kika ce kin canza, tsohon Girkanci za ki karanta. Na ce, "Da wa za ki yi magana da shi?" Kika amsa mini da Turanci cewa masu yin sa sun mutu tuntuni. Na ce, "To sai ki nemi aiki a maƙabarta." Babanki ya yi dariya har ya ƙware, ni kuwa ba wasa nake ba. Da na ji har waƙoƙin gumaka ne a ciki, raina ya ƙara ɓaci, na ce a zuciyata jinin Iya ne ya motsa.

Shekara biyu ina yi wa mutane ƙarya. Ko a gidan tsohuwar da nake yi wa aiki a Irving Park, ko a taron mata, in an tambaya sai in ce karatun asibiti kike. Ranar sunan nan a Sedgefield kina bayana da faranti a hannu lokacin da na faɗa. Kika ajiye farantin kika fita, kika zauna a mota har aka tashi. Ban ba ki haƙuri ba. Yau nake bayarwa. Duk inda kika shiga, in an tambaye ki me kike yi, ki faɗa a sarari ko za a yi dariya. Haka in an tambaye ki aikin iyayenki: uwarki shara da guga take yi a gidajen mutane, babanki kuma kaya ya ɗauka a sito har ƙarshen ransa. Wanda ya ɓoye sana'ar nasa, shi ya fara zaginta.

Allah ya yi wa babanki rasuwa, na shiga takaba. Bayan sadakar arba'in ƙafa ta ɗauke, gidan ya yi mini faɗi. Ke ce kike dawowa daga makaranta da la'asar ki zauna a bakin gadona da littattafanki, don kada in wuni ni kaɗai. Wata rana, don dai in ji murya a ɗakin, na ce, "Karanta mini abin naki." Kika dube ni ki ga ko da gaske nake.

Da Girkancin kika fara. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ji tafiyarsa, yana hawa yana sauka kamar lugude. Sannan kika shiga juya mini da Hausa, kina tuntuɓe, kina kallon rufin ɗaki kina neman kalma. A nan ma sai da na ji kunya. Kina ƙarama, in Hausarki ta karkace, ni da ƙawayena mukan kwashe da dariya mu sa ki maimaita, har kika daina, kika koma amsa mana da Turanci. Yarinyar da ta iya koyon harshen matattu, mu muka kore ta daga harshen uwarta. Ki yi Hausarki, Ummi, ko a karkace. In Allah ya ba ki naki 'ya'yan kada ki yi musu dariya, ki gyara musu a hankali kamar mai gyara wa yaro wuyan riga.

Abin da kika juya mini ya ba ni mamaki. Mawaƙin ya fara da kiran wanda yake yi wa waƙar da sunayensa, ya faɗi uwarsa da ubansa da dutse ko tsibirin da aka haife shi, ya jero abin da ya aikata, a ƙarshe ya yi masa sallama ya roƙi arziki. Na ce, "Ai wannan kirari ne." Kika ce shi ne. Na ce, "Haka Iya take yi." Kika ce, "Shi ya sa nake son kaset ɗin, Mama." Na juya fuskata bango na ce kaina ke ciwo.

Wata ranar kika karanta mini doguwar nan, ta uwar da aka ɗauke wa ɗiya, ta bi duniya tana nema, ta ƙi ci ta ƙi wanka, har ƙasa ta daina ba da hatsi. Ni ban yarda da allolinsu ba, Allah ɗaya ne, ba shi da abokin tarayya. Amma wanda ya tsara waƙar nan ya taɓa zama kusa da matar da ta yi rashi, ya ga yadda take ture kwano. Fiye da shekara dubu biyu tsakanina da shi, ga teku, ga bambancin addini, duk da haka ya faɗi abin da na kasa gaya wa mata masu zuwa gaisuwa. Ranar na ci abincina na cinye.

Na tambaye ki yaya aka yi abu mai tsufa haka ya kai hannunki, tunda masu bautar sun ƙare. Amsar da kika ba ni ita ce ta hana ni sukuni har yau. Kika ce Girkawan da kansu sun bar addinin nan sun zama Kirista, ɗakunan gumakan suka rushe, ciyawa ta cinye su. Amma aka sami mutane, da yawansu malaman coci ne, waɗanda ba su yarda da ko ɗaya cikin allolin ba, suka zauna suna kwafe waƙoƙin da hannu a kan fata, daga baya a kan takarda. In littafi ya tsufa wani ya sake kwafewa, in ya mutu wani ya karɓa, haka haka har ɗaruruwan shekaru. Da yaƙi ya matso ƙasarsu aka ɗora wasu littattafan a jirgin ruwa zuwa Italiya, can aka buga su da inji. Kika ce doguwar waƙar uwar nan a littafi ɗaya tak ta tsira a duk duniya, shi ma da yagaggen shafi. Da mai littafin yana da mata irina, da shi ke nan.

Ina yawan tunanin mutanen nan, Ummi. Ban san sunan ko ɗaya ba, ke ma kin ce yawancinsu ba a san su ba. Mutum ya gama ibadarsa da safe, ya zo ya zauna cikin sanyi, ido na ciwo, baya na ciwo, yana rubuta yabon abin da shi ba ya bauta wa, bai ƙara ba bai rage ba, saboda ya ga aikin gwaninta ne na kakanninsa, kuma ba shi da ikon kashe shi. Riƙe alƙalamin bai rage musu imaninsu ba. Ni nawa imanin ne ya yi ƙaranci har na ji tsoron kaset. Irin riƙon amanar da ake ba mu labari a wa'azi ne, sai ga shi na tarar da shi a wurin mutanen da ban zata ba.

Har da guntayen da kika ce an tono a jujin wani tsohon gari a Masar, yashi da rashin ruwa suka tsare su. Na ce a raina jujin Masar ya fi na Greensboro amana. Bayan wata biyu da zubar da kwalin na taɓa tsayar da direban motar shara na tambaye shi inda suke kai kaya. Ya nuna mini da hannu ya ce wani babban fili ne, inji ke dannewa a rufe da ƙasa. Ya tambaye ni ko zobe ne ya faɗa ciki. Na ce a'a.

Kin tuna ranar da Anti Rifkatu, maƙwabciyarmu 'yar Jos, ta kawo mana gwate ta tarar muna wannan hirar? Ita da take jan waƙa a cocinsu. Kika gaya mata cewa cikin waɗanda suka fara tsara waƙoƙin coci da Girkanci akwai waɗanda a kan tsofaffin waƙoƙin nan suka koyi sana'ar, suka ɗauki awon suka zuba nasu imanin a ciki, daga nan abin ya bi harshe bayan harshe, mawaƙan Turai ma suka yi ta ɗiba.

Ta ajiye kwanon ta ce, "Ke Ummi, ki rufa mini asiri, kada fasto ya ji ina da dangi a gidan gunki."

Kika ce, "Ba haka ba ne, Anti. Tukunya ce aka gada, miyar taku ce."

Ta ce, "To in tukunya ce ba komai. Tukunyar kakata ma burkutu ta dafa kafin ta dafa kunun matan zumunta."

Har ni da nake takaba sai da na yi dariya.

Saboda haka yanzu ba na tsoron karatunki. Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko a lungun ɗakin karatu ne, ki riƙe azuminki ko ke kaɗai ce mai yi a garin. Sannan ki yi aikinki irin na masu kwafen nan. Abin da kika tarar ki miƙa shi yadda yake, kada ki gyara wa matattu magana don ta yi wa masu rai daɗi. An ce sanyin can ya fi na nan, na wanke rigar babanki mai kauri na sa miki a ƙasan akwati. Yaji da kuka da daddawa suna cikin gwangwanin madara, na naɗe da leda biyu kada 'yan ɗakinku su kore ki. In kin ji kewa ki kira, kada ki jira sai kina da labari.

Saura abin da na yi a makon nan. Tun ranar Litinin da kika fara nema, in kin fita sai in ɗauko kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta, in zauna in ga ko akwai abin da ya maƙale a kaina. Na zaci babu komai. Ashe kunne yana ɗauka ko mai shi ba ya so. Na sami waƙa uku, babu ko ɗaya cikakkiya. Ta shuka ta fara haka:

Uwar Gona mai baƙin zane,
kin kwana tudu, kin wuni fadama,
. . . . . . . .
ki bar mana na iri, ki bar mana na baƙo.

Layi na uku ya ɓace mini. Na so in ƙirƙiro wani in cike, har ya zo mini mai daɗi. Sai na tuna a littattafanki akwai wuraren da aka jera ɗige-ɗige, kika ce inda ya yage ne ko ƙwaro ya ci, kuma a aikinku in mutum ya yi hasashe dole ya nuna nasa ne, ba ya sa wa mawaƙi magana a baki. Na bar ɗigon. Kayen ya fi yawan ɗigo a kan magana.

Jiya da safe na sayi katin waya na kira garin su babanki. Aka je aka kirawo Goggo Tabawa, yayarsa. Ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Iya, kuma ita ce ta tashi a gindinta tana ji. Na gaya mata abin da na yi, ban rage komai ba.

Sai ta ce, "Ashe shi ya sa ya daina ce mini ya ji Iya jiya."

Na yi kuka, ta bar ni na gama. Na ce ko za ta rera mini a waya in rubuta.

Ta ce, "Har yanzu ba ki yi hankali ba. Gero ya fitar da kai, wa ke waƙar shuka yanzu? Kowace da lokacinta, kuma ba a yin su a waya kamar mai cigiyar akuya."

Na ce, "Goggo, ai Iya ta rera wa baban Ummi su duka a sati uku."

Ta ce, "Iya ta san tafiya za ta yi. Ni ban ɗaure kaya ba tukuna. Ki turo mini takwarar tata farkon damina, ta zo da abin ɗaukar maganarta. Abin da damina ɗaya ba ta ɗauka ba ta biyu ta ɗauka, in Allah ya ara mana rai."

Goggo ta haura saba'in, Ummi, kuma tari take yi a wayar. Bayanta babu kowa. Jikokinta waƙoƙin rediyo suka iya.

Farkon damina shi ne lokacin da makarantarku take rufewa. Na yi magana da tsohuwar da nake yi wa aiki, ta ce in na tafi wurina yana nan. In kin yarda, tare za mu. Ke ki riƙe rikoda da biro, ni in zama tafintarki, domin Hausar Goggo ta tsofaffin Arewa ce, ni ma sai na kasa kunne. In kuma ba ki son ganina a tafiyar, zan haɗa ki da wanda zai kai ki har ƙofar gidanta.

Na yi niyyar cusa takardar nan cikin akwatinki ki gan ta bayan kin isa, inda ba sai mun haɗa ido ba. Na fasa. Yau in kin dawo zan ba ki ita a hannu tare da kayen, saura Juma'a da Asabar kina gidan. In faɗa za ki yi mini ki yi, kina da gaskiya. In shiru ne zan jure. Ban ce ki yafe mini kafin Lahadi ba. Abin da nake roƙo ɗaya ne, kada fushin da za ki yi da ni ya hana ki zuwa wurin Goggo.

Na sa wa karatun nan naki albarka, wadda na daɗe ina riƙewa ba bisa haƙƙi ba. Allah ya buɗe miki ƙirji, ya ba ki malamai masu amana, ya tsare ki a tafiya da zama, ya tsare mutuncinki da imaninki. Allah ya ja kwanan Goggo, ya nuna mana damina da rai da lafiya. Allah ya ji ƙan Iya da babanki, ya yafe mini abin da na yi musu.

Wassalamu alaikum.

Uwarki